Gano Musabbabin Ƙarar Mota Lokacin Taka Birki

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan direbobi, da masu motoci, da kanikawa, da fasinjoji, a kan wani al'amari da mutane da yawa suka ɗauka ƙarami, watau baƙuwar ƙarar da mota kan yi sa'ad da aka taka birki. Sau da yawa direba yakan ji irin wannan ƙara, ya rasa inda take fitowa, ya ce ai tun da motar tana tsayawa babu laifi. Wani ma sai ya ƙure muryar rediyo don kada abin ya dame shi. To, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Birki mai lafiya shiru yake aikinsa. Idan ya soma ƙara akwai dalili, kuma galibi ana iya gano dalilin tun bai zama hatsari ba.

An ɗauki birnin Jos da hanyoyin da suka fita daga cikinsa a matsayin misali, amma bayanin da ke ciki ya shafi kowane mai mota a Nijeriya.

Abin da ya sa aka zaɓi Jos

Jos ita ce hedkwatar Jihar Filato tun da aka ƙirƙiro jihar a 1976. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun haura mita 1,800. Garin Bauchi, wanda ba shi da nisa sosai, tsayinsa kimanin mita 600 ne kawai. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda zai bar tudun Filato sai ya gangara, ko ya nufi Bauchi, ko Zariya ta Jengre da Saminaka, ko Shendam, ko Akwanga da Abuja. Wanda ya fi suna cikin waɗannan wurare shi ne Hawan Kibo, a Ƙaramar Hukumar Riyom, kusa da magangarar ruwa ta Assop. Ga mai shigowa Jos hawa ne, ga mai fita kuwa gangare ne mai tsawo da kwanoni, kuma an sha yin asarar rayuka a wurin saboda shanyewar birkin manyan motoci. A cikin garin ma akwai gangare, kamar wanda ya sauko daga shataletalen Polo zuwa Gada Biyu.

Yanayin wurin shi ma yana taɓa birki. Damina takan fara wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa yakan kai wajen milimita 1,400, ga hazo da raɓa da sanyin asuba. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ko'ina. Haƙar kuza da aka yi tun farkon ƙarni na 20 ta bar tarin yashi da tsakuwa a gefen hanyoyi da yawa. Daɗin daɗawa, motocin da ke kwaso dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da masu ɗaukar kabeji da tumatir daga kasuwar Farin Gada, sukan bar tudun ne da kaya niƙi-niƙi. Saboda haka ƙarar da direban ƙasa mai shimfiɗe zai yi mako yana raina ta, direban Jos tilas ya san ma'anarta kafin ya fita gari.

Yadda birki yake aiki

Ba a gane ciwo sai an san jiki. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura mai ne daga wani famfo da kanikawa ke kira masta, man ya bi ta bututu da tiyo zuwa kowace ƙafa ta mota. A can ne ake yin aikin tsayarwa, kuma iri biyu ne.

Na farko shi ne birkin faifai, wanda ke ƙafafun gaba na kusan dukan ƙananan motocin zamani. Wani faifan ƙarfe yana juyawa tare da taya, an sa shi a tsakanin wasu alluna biyu da ake kira fad. Da man birki ya iso, sai mamatsin da ke riƙe da su, wanda kanikawa ke kira kalifa, ya matse su a jikin faifan. Na biyu shi ne birkin ganga, wanda ake samu a ƙafafun baya na motoci da yawa da kuma manyan motoci. A nan wasu takalma biyu ne masu lanƙwasa suke buɗewa su danne cikin gangar ƙarfe. Abin da aka manna a fuskar fad ko takalmi, wanda shi ne ke gugar ƙarfe yana cinyewa sannu a hankali, shi ake kira lainin.

Duk gudun da birki ya kashe, zafi yake komawa. Alal misali, motar da nauyinta ya kai tan 1 da rabi, idan ta gangaro mita 500, ƙarfin da za a kashe don riƙe ta ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 20, watau jarka guda. Babbar mota mai tan 30 kuwa, nata ya ninka wannan sau 20. Idan aka bar wa birki shi kaɗai wannan aiki, yawancin zafin a faifai da ganga zai taru. Wannan guga da wannan zafi su ne tushen mafi yawan ƙarar da ake ji.

Tambayoyin da direba zai yi wa kansa

Bakanike ba ya cikin mota sa'ad da take ƙarar, kuma sau da yawa da an isa gareji sai ta yi shiru. Saboda haka rabin binciken a hannun direba yake. Ya kamata ya lura da abubuwa 6:

1. Lokaci. Da safe ne kawai, ko bayan doguwar tafiya, ko bayan ruwan sama, ko kuwa kullum?

2. Sai an taka birki take fitowa, ko tana nan tun kafin a taka? In an taka ƙaruwa take yi, ko ɗaukewa?

3. Wuri. Gaba ne ko baya, hagu ko dama?

4. Tana bin juyawar taya, watau tana sauri in ana gudu, ta lafa in an rage, ko kuwa sau ɗaya take yi ta tsaya?

5. Me ƙafa da hannu suke ji? Birkin ya yi laushi, ko ya yi tauri, ko yana bugun tafin ƙafa? Sitiyari yana rawa? Motar tana fizga gefe guda?

6. Wane aiki aka yi wa motar kwanan nan? An canja taya, ko fad, ko an faɗa rami, ko an ratsa ruwa?

Wanda ya je gareji da amsoshin waɗannan tambayoyi ya taƙaita wa bakanike aiki, ya kuma tsare aljihunsa daga sayen kayan da ba su ne suka lalace ba.

Ire-iren ƙara da ma'anarsu

Ƙarar safe. Motar da ta kwana a waje cikin damina ko raɓar Jos takan wayi gari da ɗan tsatsa a fuskar faifai. Da an taka birki sai a ji guga kamar ana wasa wuƙa. Bayan an taka sau 3 ko 4 tsatsar ta goge, ƙarar ta ɓace. Wannan ba ciwo ba ne. Amma idan an yi tafiyar kilomita 1 ko 2 tana nan, to, wani abu ne dabam.

Siririn kuka kamar usur. Masu ƙera fad da yawa sukan sa masa wani ɗan harshen ƙarfe da gangan. Idan lainin ya cinye ya rage kimanin milimita 2 zuwa 3, sai harshen ya fara taɓa faifai yana kuka. A wasu motoci ana jin kukan ne ana cikin tafiya, ya ɗauke idan an taka birki. Wannan gargaɗi ne, kuma shi ne lokacin da gyara ya fi araha, domin fad kaɗai za a canja. Sai dai a sani ba kowane fad ke da wannan harshe ba, takalmin birkin ganga kuwa galibi ba shi da shi. Rashin jin kuka bai isa shaidar lafiya ba.

Kuka bayan an sa sabon fad. Sabon fad yana bukatar 'yan kwanaki na tuƙi a hankali kafin ya zauna daidai da faifai. Idan kukan ya zarce haka, a duba abubuwa 3: ko fad ɗin ba mai kyau ba ne, ko an manta da siraran ƙarafunan da ke bayansa masu hana shi rawa, ko kuwa zafi ya ƙona fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli kamar tangaran. Wannan na ƙarshe yakan sami direban da ya sa sabon fad yau, gobe ya gangara Hawan Kibo ƙafarsa na kan birki.

Gurnani mai kauri na ƙarfe bisa ƙarfe. Idan aka ji gurrr mai nauyi duk lokacin da aka taka, wani lokaci har ana jin sa a tafin ƙafa, to lainin ya ƙare ƙarƙaf, ƙarfen bayansa ne ke cin faifai ko ganga. In aka leƙa ta cikin wili za a ga faifan ya yi zane-zane masu zurfi. Motar da ke wannan ƙara ba ta da sauran tafiya sai zuwa gareji mafi kusa, a hankali, ba tare da fasinja ko kaya ba. Kowane kilomita da aka ƙara yana ƙara kuɗin gyara, domin bayan fad sai an sayi faifai, wani lokaci har da kalifa.

Bugu mai bin juyawar taya. Idan an taka birki cikin gudu sai a ji gaf-gaf-gaf, sitiyari yana karkarwa, ko birkin yana bugun ƙafa, galibi fuskar faifai ce ta daina zama bai ɗaya, ko ganga ta tashi daga da'ira. Zafi mai yawa yana kawo haka, da ɗaure notin taya ba daidai ba, da kuma watsa ruwa a kan faifai mai zafi, kamar yadda wasu kan shiga wurin wanki da saukowarsu daga gangare. Idan sitiyari ne ke rawa, a nemi ciwon a gaba. Idan kujera ce ke girgiza, a nema a baya. Amma kafin komai a duba notin taya, domin notin da ya kwance yakan yi irin wannan bugu, kuma shi ne mai jefar da taya a kan hanya.

Ƙwas guda ɗaya. Wata ƙarar sau ɗaya take yi a daidai lokacin da birki ya kama, ko idan an ja baya aka taka. Wannan alama ce ta cewa wani abu yana motsi inda bai kamata ba. Yana iya zama fad ne ya yi wa gurbinsa kaɗan, ko ƙusar da ta riƙe kalifa ta kwance, ko kuwa robar gaɓoɓin ƙafar mota, wadda ake kira bushin, ta mutu. Taka birki yana jefa nauyin mota gaba, shi ya sa gaɓar da ta saki takan tona kanta a wannan lokaci. Kada a raina wannan ƙara don ba ta da yawa.

Gugar da ba ta yankewa. Idan ana jin ƙyar-ƙyar ko an taka ko ba a taka ba, musamman bayan an bi hanyar burji ko ta tsakuwa, mai yiwuwa 'yar tsakuwa ce ta maƙale tsakanin faifai da farantin da ke kare shi daga ƙura, ko farantin ne ya lanƙwashe. Gyaran wannan ba ya cin minti 10. Amma idan tare da gugar akwai ƙauri, ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi, motar tana nauyi tana shan mai, to kalifa ce ta cije ba ta saki, ko birkin hannu bai koma ba. Ƙura da ruwa da tsatsa ne ke kawo haka idan robar da ta rufe fistin ta yage.

Hucin iska a ƙarƙashin sitiyari. Yawancin ƙananan motoci suna da wani tulu a bayan masta wanda ke amfani da zuƙar injin yana taimakon ƙafar direba. Idan robarsa ko tiyonsa ya fashe, za a riƙa jin fuuu idan an taka, birkin kuma ya yi tauri kamar dutse. Motar za ta tsaya, amma sai da ƙarfi, kuma sai ta ci ƙasa fiye da yadda aka saba.

Ƙarar na'urar hana taya cijewa. Motocin zamani suna da na'urar da ake kira ABS. Idan aka taka birki da ƙarfi a kan santsi, ko yashi, ko jiƙaƙƙiyar kwalta, za a ji gurrr mai sauri, birkin yana bugun ƙafa. Wannan aikinta ne: tana kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda don kada taya ta ja ƙasa. Kada direba ya tsorata ya ɗage ƙafa. Ya ci gaba da dannawa yana sarrafa sitiyari. Amma idan tana haka a busasshiyar hanya ana tafiya a hankali, ko fitilarta ta ƙi mutuwa, a kai a duba.

Ƙarar da ake ɗora wa birki alhali ba tasa ba ce

Ba kullum birki ne mai laifi ba. Boris ɗin taya idan ya mutu yakan yi ruri mai ƙaruwa da gudu, kuma muryarsa takan canja idan an karya kwana, ko da ba a taɓa birki ba. Tayar da ta ci gefe guda, ko wadda ta yi ƙulu, takan yi bugu irin na faifai. Shokozoba da ta mutu, da salansar da maratayinta ya tsinke, da jak ko sifana ko tayar ajiya da ba a ɗaure ba a cikin but, duk sukan yi ƙara idan mota ta duƙa gaba. Saboda haka a kwashe kayan but tukuna kafin a fara zargin birki.

Gwajin da mai mota zai iya yi da kansa

A nemi fili shimfiɗaɗɗe inda babu jama'a, da rana, a kashe rediyo, a sauke gilasai. Kada a yi wannan gwaji a kan gangare.

Da fari, motar tana tsaye injin yana aiki, a danne birki a riƙe na tsawon rabin minti. Idan ƙafa tana nitsewa a hankali, to mai yana zurarewa, ko a cikin masta ko a waje. Nan gwaji ya ƙare, motar ba ta tashi sai an gyara.

Sa'an nan a buɗe bonet a duba robar man birki. Raguwa kaɗan alama ce ta cewa fad ya ci. Raguwa mai yawa kuwa yoyo ne. A leƙa bayan kowace taya a ga ko akwai jiƙa.

Idan duk wannan lafiya, a ja motar da gudun da bai wuce kilomita 30 ba, a taka a hankali, a sake a taka da ɗan ƙarfi, a ja baya a taka. Bin gefen katanga yana taimakawa, domin bango yana dawo da sauti, a gane ko hagu ne ko dama. Wani mutum yana iya tsayawa nesa kaɗan a gefe yana saurare. A gwada sakin totur ba tare da taka birki ba, a ji ko ƙarar tana nan.

Bayan an tsaya, a kusantar da bayan hannu ga kowane wili ba tare da an taɓa ba. Ƙafafun gaba biyu ya kamata zafinsu ya zo ɗaya, haka ma na baya. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi tana cijewa, wadda ta yi sanyi ƙalau kuwa ba ta aiki.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

A gaban bakanike

Mai mota ya bayyana abin da ya ji dalla-dalla, ya bar wa mai sana'a yanke hukunci. In da hali su zaga tare ya ji da kunnensa. Bakanike nagari zai cire tayoyin ya duba da ido, ya dubi fad na ciki da na waje, domin idan ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kalifa ce ba ta tafiya daidai, kuma sabon fad ba zai warkar da wannan ba. Sabon fad kaurin laininsa yakan kai milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Faifai ma yana da iyakar kaurin da aka buga a jikinsa, wanda ba a wuce shi wajen gogewa.

Akwai ƙa'idodin da ba a sassauta su:

Ana canja fad ko takalmi hagu da dama tare. Canja ɓangare ɗaya yana sa mota fizga.

Ba a shafa girisi ko baƙin mai a fuskar lainin ko faifai don a kashe kuka. Ƙarar za ta mutu, birkin ma ya mutu tare da ita.

Ba a toshe bututun ƙafar da ke yoyo a ci gaba da tafiya da sauran ƙafafun.

Ba a zuba ruwan sabulu ko wani mai dabam a madadin man birki. Man birki na gaskiya an yi shi ne don ya jure zafi. Nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa sai 230. Amma wannan mai yana shan laima daga iska, kuma idan ya tsufa ya sha ruwa, ma'aunin yakan faɗo zuwa wajen 140 da 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a juye shi a zuba sabo duk shekara 2. A wuri mai damina da gangare irin Jos, wannan ba abin wasa ba ne.

Ba a hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo. Wasu lainin suna ɗauke da sinadarin asbestos, wanda shaƙarsa ke kawo cutar huhu da ciwon daji. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Wajen sayen kaya kuwa, ko a Dilimi ta Jos, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a nemi amintaccen ɗan kasuwa, a karɓi rasit, a sayi man birki a rufaffen gwangwani. Araha ba ta ado. Wanda ya ci karo da jabun kaya yana iya kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, wadda aka kafa a 1971. Bayan gyara, mai mota ya nemi a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire, kuma a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa motar.

Manyan motoci masu birkin iska

Tirela da tanka da manyan bas galibi da iska suke tsayawa. Ɗan hucin da ake ji idan an saki birki daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne hucin da ba ya yankewa, ko allurar iska da ke sauka alhali motar tana tsaye. Direba ya jira iska ta cika kafin ya tashi, kada kuma a cire wayar ƙararrawar da ke gargaɗin ƙarancin iska don ta dami mutane. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kullum. A kan gangare, yawan taka-saki yana cinye iska fiye da yadda injin ke mayarwa.

Shirun da ya fi ƙara haɗari

Akwai lalacewar birki da ba ta ƙara ko kaɗan. Idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangare har ƙasa, zafi yakan yi yawa har lainin ya daina kamawa, ko man birki ya tafasa ya zama tururi, a taka ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Alamun da ke gabatar wannan su ne ƙauri, da hayaƙi daga wili, da birkin da ke neman ƙarin ƙarfi a kowace kwana.

Maganin abin tsofaffin direbobi sun san shi: giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka. A sa ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Mai mota mai canja giya da kanta ya mai da ita lamba 2 ko L. Sakin mota a firi don tsimin mai, ko kashe injin a kan gangare, ganganci ne da rayukan jama'a. A kuma tuna cewa motar da ke gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun 100 kuwa kusan 28, kuma idan gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke bukata ya ninka sau 4.

Da an ji ƙauri, a nemi wuri a tsaya, a sa giya, a sa waji, a bar birkin ya huce da kansa. Idan kuwa ya riga ya shanye, direban ƙaramar mota ya yi ta famfa shi da sauri, ya riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu sannu-sannu, yana danna ham don jama'a su kauce.

Hakkin da ke kan kowa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya a duniya kowace shekara. A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma doka ta ba jami'anta ikon tsayar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba. Lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122. Amma jami'i a bakin hanya ba zai ji abin da direba ke ji a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Mai motar haya da direbansa ya kawo masa ƙorafin birki ya ce a yi sawu ɗaya tukuna, ya ɗauki alhaki. Shugabannin tasha su hana lodi ga motar da aka san tana gurnani. Fasinja kuma yana da ikon ya yi magana cikin ladabi, in ba a saurare shi ba ya sauka.

Kammalawa

A taƙaice, ƙarar safe da ta ɓace bayan taku kaɗan, da ƙarar ABS a kan santsi, ba abin damuwa ba ne. Siririn kuka da rawar sitiyari suna bukatar gareji cikin 'yan kwanaki, kuma kafin kowace doguwar tafiya. Gurnanin ƙarfe, da bugun da ba a san tushensa ba, da ƙauri, da yoyon mai, da birkin da ya yi laushi ko ya nitse, waɗannan tsayawa suke nufi nan take. Duk ƙarar da aka kasa gano asalinta, a ɗauke ta a matsayin mai haɗari har sai bakanike ya cire taya ya gani. Wanda zai fita daga Jos ya yi wannan bincike tun yana cikin gari, domin a tsakiyar Hawan Kibo babu gareji. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya taimaka ya karanta wa direban da bai iya karatu ba. Allah ya kiyaye hanya.